Shekarar da Inna Ta Hana Ni Komawa Asibiti

Safiyya, rannan ina ɗaki na ji ki a falo kina ba wa ƙawarki labari kuna ta ƙyalƙyala dariya, wai kakarki ta kusa kashe uwarki da tsohon tunani, ta hana ta komawa asibiti bayan aikin ciwon daji. Ban fito ba, don ba na son in kunyata ki gaban baƙuwa, amma abin ya tsaya mini a rai har na kasa cin tuwo. Ban ga laifinki sosai ba. Rabin labarin kika sani, kuma lokacin da abin ya faru hankalinki yana kan cikin da kike ɗauke da shi. Ɗan'uwanki Nura yana makaranta a Zariya, Auta kuwa in ba ƙwallo ba babu abin da ya sani a duniya. To ku zauna ku ji shi daga bakin mai shi, tun ina da bakin faɗa.

Farkonsa kun san shi. Na daɗe ina ganin jini in na zaga, ina cewa basir ne kamar yadda kowa yake cewa, har rama ta fito fili, zannuwana suka fara yi mini yawa. Da aka bincika aka ce ciwon daji ne a babban hanji. Aka yi tiyata aka yanke wurin aka haɗe, sannan na yi watanni ina karɓar maganin nan da suke kira kimo, wanda ko kofin ruwan sanyi na taɓa sai in ji yatsuna kamar ana tsira musu allura. Inna, mahaifiyata, ta baro Rano ta zo gidanmu na Kubwa jinya. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, amma ita ke dama mini kunu, ita ke zubar da fo, ba ta yarda mai aiki ta taɓa ba. Kun kuma san ni ce 'yarta ta fari, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. “Ke” ce kawai, ko ta aiko ɗayanku, “ku gaya wa uwarku.” Ko lokacin da nake kwance ina amai ba ta ce mini sannu baki da baki ba, sai dai ta dubi bango ta ce Allah ya kawo sauƙi.

Ranar da na gama kimo likitata ta zaunar da ni da Abbanku. Wata siririyar mata ce mai gilashi, ƙanwar bayana ce ma a shekaru, amma in ta yi magana ba ka neman ƙari.

“Hajiya, abin da muka gani mun cire, kuma ba mu ga saura ba, alhamdulillahi. Amma ba mu sallame ki ba tukuna. Duk bayan 'yan watanni za ki zo a ɗebi jini, lokaci-lokaci a ɗauki hoton ciki da ƙirji. In aiki ya shekara za mu sa kyamara mu duba cikin hanjin. Ciwon nan in zai dawo ya fi dawowa a shekarun farko, kuma ba ya sallama. In muka gan shi yana ƙarami, muna da abin yi.”

Na ce to. Ni da na yi shekaru ina aikin gwamnati, bin ƙa'ida ba baƙon abu ba ne a wurina. Ban san a gida ake jirana da wata ƙa'idar ba.

Inna ta ce sai an yi sadakar godiya, kuma ita ta tsara komai. Aka yi saukar Alƙur'ani, aka yanka rago, aka soya waina har maƙwabtanmu Yarabawa da Inyamurai sai da aka kai musu a kwano. Da yamma, bayan mutane sun watse, ta tattara duk abin da ya je asibiti da ni, bokitin, filas ɗin, zannuwan gadon, har silifas ɗina, ta ɗaure ta ba wa mai kwasar shara. Sannan ta tara mu a falo, ta dubi Abbanku don ba za ta dube ni ba, ta ce:

“An roƙi Allah ya amsa, an gode masa a gaban jama'a. Magana ta ƙare. Daga yau kada in ƙara jin sunan ciwon nan a gidan nan.”

A wurinmu haka ake yi. Abin da aka yi wa sadaka an rufe shi, mai komawa yana leƙawa kamar yana cewa bai yarda Allah ya yi aikin ba ne. Ban musa mata ba, don ina ganin babu buƙata. Gwajin jini daga ofis nake wucewa in yi, in dawo gida da jakata kamar kullum. Hoton ma haka. Ba ƙarya na yi mata ba, ba ta tambaya ba ne ban faɗa ba, kuma muka zauna lafiya tsawon watanni. Na yi ƙiba, na koma cin ɗanwake da yaji, har na fara faɗa da direbobin ofis, wanda a wurin Abbanku shi ne babbar alamar na warke.

Kyamara ce ba ta ɓoyuwa. Kafin a yi ta sai mutum ya yini bai ci abu mai nauyi ba, ya sha wani maganin wankin ciki mai yawa, ya yi ta sintiri tsakanin ɗaki da banɗaki, sannan washegari a raka shi don za a ba shi abin da zai sa shi barci. Yaya za a yi wannan a gidan da Inna take leƙa kwanon kowa ta ga abin da ya rage? Sai na yanke shawarar in faɗa mata. Na same ta tana tsintar shinkafa, na zauna a ƙasa, na yi mata bayani a hankali. Ba ta ɗago ba har na gama.

“Wani wuri ke yi miki ciwo?”

“A'a, Inna, lafiyata ƙalau.”

“To me kika ajiye a can da za ki koma ɗauka? Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yankanta. Ubanku ma lafiyarsa ƙalau.”

A nan ta tsaya, amma na san sauran. Baba, mahaifina, ya yi ciwon ciki mai tsawo tun ina budurwa, ya samu sauƙi har ya koma kasuwa. Aka ce ya koma Kano a ƙara duba shi. Da ƙafarsa ya hau mota, da 'yar jakarsa, yana ce mata ta ajiye masa fura. Gawarsa aka dawo da ita. Ba mu taɓa sanin abin da aka gani a cikinsa ba, a lokacin ba a yi wa iyali bayani. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Inna ta zuba shinkafar a kwano ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi:

“In dai ni na haife ki, ba za ki je ba.”

Ku 'yan zamani za ku ce ai sai ki tafi abinki, jikinki ne. Na sani, Nura ya taɓa faɗa mini haka da Turanci. Amma ku gane, a ofis ina da mutane a ƙarƙashina, in na shigo ana miƙewa ana cewa Madam, a gaban Inna kuwa ni yarinya ce da za a iya aika sayen gishiri. Ban taɓa tsallake maganarta ba. Kuma abin da nake tsoro ya fi faɗa. Ina tsoron a kwantar da ni a sa ni barci alhali uwata tana gida da ɓacin raina a zuciyarta, in kuma ban farka ba shi ke nan, a haka muka rabu. A ɗaya gefen ga maganar likita tana yi mini yawo a kai, cewa ciwon ba ya sallama. Sai na kira asibiti na ce a ɗaga mini rana. Da ranar ta matso na sake ɗagawa.

Akwai wata nas a sashen, Sista Ladi, Bagwariya ce daga wajen Yangoji, wadda ta riƙe ni tun lokacin kimo. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ita ce ta ƙi ƙyale ni. Wayata za ta yi ƙara ina tsakiyar taro, in fita in ɗauka.

“Mama, kai ka gudu mana ne? Likita ya ce fayil naka yana kan tebur nashi. Abeg ka zo, ba zafi fa, barci kawai za ka yi.”

“Sista, tsohuwata ce ta hana.”

“Ah, Kaka? To ka kawo shi nan, ni zan yi mashi magana.”

Na yi dariya na kashe wayar, na koma banɗakin ofis na yi kuka. Abbanku ya kawo nasa dabarun. Da fari ya ce mu ce mata an tura ni taron bita Kaduna, in kama ɗaki a otal in sha maganin a can. Na ƙi. Na ce masa haka Baba ya fita da jaka, ba zan maimaita mata wannan fitar ba, balle da ƙarya. Sai ya ɗauko limamin masallacinmu, mutum mai ilimi da sanyin magana. Ya zauna ya jawo mata aya da hadisi a kan neman magani, ya ce godiya ba ta hana bin sababi. Inna ta saurara da lulluɓinta, ta sa aka kawo masa ruwa da dabino, ta ce, “Malam ya yi gaskiya, Allah ya ƙara ilimi.” Da ya fita ta ci gaba da jan carbinta. Ko gezau. Watanni suka wuce a haka. Duk ɗan murɗawar da cikina ya yi sai gabana ya faɗi, in na ci abinci ina lura da shi kamar mai gadin fursuna. Ni da Inna muna gaisawa kullum da safe, amma gidan ya yi nauyi.

Ana cikin haka ke Safiyya kika haihu, aka kawo ki wankan gida. Nan Inna ta samu abin yi, ga tattaɓa-kunne namiji. Ta ce ita ba ta san wankan jego da ruwan hita ba. Sai da aka nemo tukunyar ƙarfe da itace aka kafa murhu a bayan gida, a unguwar da ko shara ka ƙona sai an turo maka takardar gargaɗi. Mai gadi ya zama mai saran ganyen darbejiya. Ni ce nake zagayawa ina sirka ruwan a ɓoye, don likitarki ta ce kada a ƙona ki, kanwar kunun ma na ɓoye fiye da rabinta. Kin jure na 'yan makonni, sai wata safiya kika tubure. Ina tsaye a ƙofar kicin da jaririn a kafaɗata, ke kina zaune a kan kujerar tsuguno kina kumbure-kumbure.

“Inna, wallahi na warke. Babu inda ke yi mini ciwo. Jiya har tsalle na yi. A bar wankan nan haka.”

“Tsalle! Ji mini yarinya. Lafiyar da kike ji ta waje ce, ciki ɗanye ne. Mai jego ba ita ke cewa ta warke ba. Mu da muka ga cikin abin mu za mu ce, kuma sai an yi arba'in. Mata nawa na gani sun miƙe suna rawar kai, daga baya abu ya dawo ya kwantar da su?”

Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta.

“Inna, abin da likitata ta ce ke nan.”

Ganyen yana hannunta yana ɗigar ruwa. Ba ta juyo ba.

“Ke haihuwa kika yi?”

“An yanka cikin, Inna, an ɗinke. Su suka ga cikin abin, ba ni ba.”

Ta tsoma ganyen a ruwa ta ci gaba da yi miki wanka, kuma na tuna kin yi ƙara kin ce ta fyaɗa miki da ƙarfi. Ranar ba ta ƙara ce mini komai ba. Washegari ma haka. Na ce a raina na ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba, na mayar wa uwata magana a gaban jikarta. Sai bayan kwana biyu ko uku, da hantsi, ina ninke kayan jariri a ɗakinta, ita kuma tana riƙe da shi tana shafa masa man zaitun. Ta ɗaga shi ta kalli fuskarsa, ta yi magana da shi kamar babban mutum.

“Kai, maigida. Tambayar mini kakarka, abin nan da za su yi mata, yanka ne?”

Na ce wa jaririn, “Gaya mata ba yanka ba ne. Dubawa ce, ranar ake dawowa gida.”

“Ka ce mata shi ma wancan haka aka ce.” Ta murza ɗan tafin ƙafarsa. “Ka ce mata abin da ya fi ci mini rai, ban bi shi ba. Na ce zan bi, aka ce mace ta zauna a gida. Ina nan ina dama fura. Ko wanda ya ba shi ruwa ban sani ba.”

Shekara fiye da talatin ban taɓa jin ta faɗi haka ba. Na kasa ninke rigar da ke hannuna. Ta kwantar da yaron a cinyarta, ta ce masa:

“To ka ce mata ta je. Amma ƙafata ƙafarta.”

Ranar shan maganin Inna ta ƙi cin abinci. Na roƙe ta, Abbanku ya roƙe ta, ta ce ita ba ta jin yunwa, ruwa kawai ta sha yini guda tare da ni. Duk fitowar da zan yi daga banɗaki tana zaune a bakin gado, ta dubi bango ta ce Allah ya kawo sauƙi. Da safe ta riga kowa shiga mota, da sabon mayafinta da butarta. A asibiti Sista Ladi ta hango mu ta taho da gudu.

“Kaka! Kai ne ka riƙe mana Mama? Sannu da zuwa, zo ka zauna nan.”

Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “'Yar nan, ni mace ce.” Sista Ladi ta ce, “Yauwa Kaka, na sani, kai mace ne.” Duk tsoron da nake ciki sai da na yi dariya. Ba a barin kowa ya shiga ɗakin, amma Sista ta sa mata kujera dab da ƙofa, ta yi mata alkawarin duk abin da ake ciki za ta leƙo ta faɗa mata. Abin da na gani na ƙarshe kafin a tura ni ciki shi ne Inna zaune a miƙe, ta dafa ƙofar da tafin hannunta.

Da na farka likita ta kira mu duka. Ta ce inda aka haɗe hanjin ya warke sumul. Amma can gaba ta ga wani ɗan tsiro kamar ƙwayar wake, ta cire shi nan take, za a kai a auna. Ta nuna mana hotonsa. Inna ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta tambaya ko shi ne ciwon. Likita ta ce a ganinta bai zama ba tukuna, amma irinsa ne in aka bar shi shekaru yake iya zama. Bayan kwanaki sakamako ya fito, ya tabbatar da maganarta. Ranar dubawar kuwa, muna dawowa gida a mota, mun wuce Dutsen Alhaji. Can Inna ta ce wa Abbanku ya tsaya a sayi ayaba, yarinyar nan ba ta ci komai ba tun jiya. Ita ma ba ta ci ba, amma ba ta sa kanta a lissafi ba.

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da wannan ya ci mata. Da ma ta gama shiri, in an yi arba'in ɗin Safiyya za ta koma Rano. Ba ta taɓa son Abuja ba. Ta ce gari ne da maƙwabci ba ya shigo maka sai ya buga waya, kuma tana son ta mutu a ɗakinta a binne ta kusa da mijinta. Da ta ji likita ta ce zuwan nan sai an kai shekara biyar ana yi, ta kwance ƙullin kayanta ta mayar cikin kwaba, ba ta yi shawara da kowa ba. Kawunku ya zo ɗaukarta har sau biyu ta ce masa tana da aiki. Tun daga nan babu gwajin jini, babu hoto, da na je ni kaɗai. Ta san ma'aikatan sashen ɗaya bayan ɗaya, tana kai musu ƙuli-ƙuli, tana yi wa masu jiran layi nasiha ko ba su tambaya ba. Ita ce kuma ta sa aka kira ƙannena duka ta ce su je a duba su, da likita ta ce ciwon yana bin dangi. Ku ma likita ta ce kada ku jira sai kun kai shekarun da na kai, Safiyya ke ce a gaba, kuma ba na son jin wani tsalle.

Inna ba ta ga ƙarshen shekarun ba. A ta huɗu ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, cikin azumi ta kwanta. Ba ta koma Rano ba, a nan Abuja aka binne ta, cikin baƙin da ba ta sani ba. Wannan yana damuna har yau, kuma ba zan ce muku ba ya damuna ba. Kwana kaɗan kafin ta rasu ina zaune ina shafa mata ƙafa da la'asar, ɗakin babu kowa, babu jariri ko jika da za ta aika. Ta buɗe ido ta dube ni, ni ɗin, ba bango ba.

“Yaushe ne komawarki?”

“Bayan Sallah, Inna.”

“To ko ina nan ko ba na nan, ki je. Ni na aike ki.”

Bayan Sallah, ana ta shigowa yi mini gaisuwa, na yafa mayafina na ce wa matan da ke falo su yi haƙuri, Inna ta aike ni, yanzu zan dawo. Na je. Likita ta duba ta ce babu komai.